Yamai zuwa Jidda awa 5 da rabi: yadda tafiyar shekaru ta koma ta dare guda



Duk shekara idan Shawwal ya kama, tambaya guda ce ke yawo a gidajen maniyyata: wai awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka Saudiya? Tsohuwa tana tambaya saboda ciwon gwiwa, ɗanta yana tambaya don ya san lokacin da zai fara tsaron waya. Amsar ba ta da tsawo. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in aka ja layi a miƙe, tazarar kusan kilomita 4,000 ce. Zuwa Madina kuma wajen 4,100. Jirgin zamani da ke gudun kimanin kilomita 850 a awa yana cinye wannan tazara cikin awa 5 zuwa 5 da rabi, har da tashi da sauka, matuƙar hanya a buɗe take.

Sai dai a kula da agogo. Saudiya ta riga Nijar da awa 2. Jirgin da ya tashi Yamai ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 da rabi a sama, agogonmu zai nuna 3 da rabi, amma a Jidda 5 da rabi ta yi, gari na shirin wayewa. Shi ya sa za ka ji alhaji ya dawo yana rantsuwa cewa awa 7 da rabi suka yi a tafiya, a dawowa kuwa awa 3 da rabi kawai. Bai yi ƙarya ba, agogon bango ne ya ruɗe shi.

To, ga inda abin yake ɗaure kai. Maniyyaci daga Gazawa zai ɗauki jakarsa ya shiga bas, ya juya wa alƙibla baya, ya nufi yamma: Agye, Cadawa, Maradi, Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sannan Yamai. Wajen kilomita 750 ke nan bisa gudron, awa 10 zuwa 12 in mota lafiya lau take. Na Gidan Rumji ya ɗan fi shi sauƙi, nasa wajen 600 ne. Bayan wannan gajiya, da kwanakin jiran jirgi, sai a ɗaga shi sama a komo da shi gabas. Layin da ya haɗa Yamai da Jidda yana ratsa arewacin jiharmu ne, can wajen Dakoro. Tafiyar da ya wuni yana yi a mota, jirgi ya warware ta cikin abin da bai kai awa guda ba. Alhali daga Maradi kanta zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne a sama, daga Kano kuma kusan 3,400, kuma tsakanin Maradi da Kano ta Dan Isa, Jibiya da Katsina bai cika kilomita 300 ba.

Me ya jawo haka? Sai mun koma baya.

Hanyar da aka fi sani a zamanin da can ta arewa ce, ta Sahara. Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Askiya Muhammadu na Sangai ya bi sahu wajen 1496. Sarakunan Kanem da Barno ma sun daɗe suna zuwa. Mutumin ƙasar Hausa da ya yi niyya a wancan lokaci yakan bi ayarin raƙuma zuwa Agadas, daga nan Gat ko Murzuk, ya shiga Masar ya haɗu da babban ayarin da ke tashi daga Alƙahira. Hanya ce ta masu hali, domin Sahara ba ta karɓar uzuri: ko kana da raƙumi da guzuri da kuɗin madugu, ko ka zauna gida.

Hanyar talaka daga baya ta buɗe, ita ce ta gabas. Mutumin Agye ko na Gazawa yana da zaɓi biyu. Ko ya bi ta Tasawa da Damagaram ya gangara Barno, ko ya faɗa Katsina da Kano ya miƙe zuwa Maiduguri. Daga can sai bakin kogin Shari, inda Faransawa suka kafa Fort Lamy, Njamena ta yau. Sai ƙasar Wadai da birninta Abashe, sai Adare a kan iyaka, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Al'ubayyid a Kurdufan, sai kogin Nilu, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga Sawakin zuwa Jidda ruwa ne na wajen kilomita 300. In ka tara duka, tafiyar ƙasa ta haura kilomita 4,000. Mu yi lissafi mai sauƙi: mutum yana taka kilomita 25 kullum, ba hutu, ba ciwo, ba damina, zai yi kwana 160, wata 5 da ɗoriya. Amma wa ya taɓa yin ta haka? Da mata da yara da jaki, ba kuma kuɗi a aljihu?

Yadda ake yi shi ne, a yi tafiya da rani, damina ta tsayar da kai ka yi noma a inda ta riske ka, ko naka ko ƙodago. Wani ya yi ga-ruwa, wani dako, wani yankan farce, wani ɗinkin hula, malami ya kafa makarantar allo a zango. In an tara ɗan abin da ya samu sai a ƙara gaba. Haka ake shekara 2, shekara 5, wani 10, wani ya mutu a hanya 'ya'yansa su ƙarasa. Shi ya sa sallamar mai tafiya hajji a wancan zamani ta yi kama da ta mai barin duniya. Yakan biya bashi, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, ya bar wasiyya a kan gona da garke. Tsofaffinmu da suka ga ƙarshen wannan zamani sun san gidajen da aka ce "mai gidan ya tafi gabas", shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekarar 1903 ta ƙara wa wannan hanya jama'a. Da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da niyyar hijira zuwa gabas, mutane suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa. An kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Garin yana nan har yau, sunansa Mai Wurno. Daga ɓangarenmu ma, harajin Faransawa da aikin tilas sun sa mutane da dama sun ga gara su haɗa ibada da tsira, su yi gabas.

Sudan kuwa tana buƙatar hannu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Masu cirar audugar nan da yawansu maniyyata ne daga ƙasashenmu, masu neman kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun samu sun ƙetara. Wasu sun yi ta cewa baɗi, baɗi, har jikoki. Can ana kiran su Fallata ko Takari, ba a damu da rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. Waɗanda suka ƙetara suka ƙi dawowa su ma suna da zuriya a Makka da Madina da Jidda. Duk mai kallon ƙwallo ya san Usama Hausawi, wanda ya jagoranci 'yan wasan Saudiya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sunan nan Hausawi ai ba daga sama ya faɗo ba. Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa: a wancan zamani an sha yaudarar maniyyata a hanya ana sayar da yaransu, domin Saudiya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962.

Masu sarauta kuma tasu hanyar daban. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921, amma ta ina? Jirgin ƙasa zuwa Legas, jirgin ruwa zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki George na biyar, sannan ya nufi Jidda. Kun ga, zagaye ba yau aka fara shi ba. Duk da nisan wannan zagaye, ya je ya dawo cikin watanni, yayin da talakawansa da suka bi hanya mafi kusa suke can suna shekaru.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925. Jirage 3 ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ranar 27 ga Oktoba. Abin lura a nan shi ne hanyar da suka biyo: Kartum, Al'ubayyid, Fashir, Abashe, Fort Lamy, Kano. Zangon alhazai ne sak, sai dai su daga gabas suka taso. Dalili kuwa a fili yake, jiragen wancan lokaci ba su da dogon numfashi, dole su riƙa sauka shan mai, kuma ba inda za a ajiye mai sai inda akwai gari da rijiya, garuruwan kuwa ƙafar matafiya ce ta raya su. Kwana 6 suka yi. Ka ƙiyasta yadda maniyyacin da ya shekara 3 yana fama a Darfur ya ɗaga kai ya ga wannan abu yana wucewa.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Kartum da Kano bisa wannan layi. A ɓangaren Faransa, cikin shekarun 1930 jiragen da ke zuwa Kwango daga Turai suna ƙetaro Sahara suna yada zango a Gao, Yamai, Damagaram da Fort Lamy. Amma waɗannan jiragen wasiƙu ne da na Turawan mulki. Talaka abin da ya fara rage masa wahala ita ce babbar mota. Tun 1912 layin dogo na Sudan ya iso Al'ubayyid, saboda haka in ka samu motar da za ta kai ka can, sauran tafiyar zuwa bakin ruwa a jirgin ƙasa ce. A 1948 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda aka taƙaita sunanta WAPA. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa canjin kuɗi Wapa a Fagge, da yawansu ba su san daga nan sunan ya samo asali ba. Tafiyar shekaru ta koma ta makonni ko 'yan watanni. Da aka shiga shekarun 1950 sai jigila ta sama daga Kano ta kankama, Kano ta zama ƙofar hajji ga duk ƙasar Hausa, har da mu na wannan ɓangare.

Nan ne labarin ya haɗu da gyaɗa. Ƙasar Maradi, daga Gidan Rumji har Tasawa, ita ce zuciyar noman gyaɗa a Nijar. Manomi ya noma, ɗan kasuwa ya saya wa kamfanonin Turawa, a loda zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Waɗanda suka yi arziki a wannan harka, sannan a fataucin da ya bunƙasa lokacin yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970, abin da suke fara yi da riba shi ne kujerar Makka. Har kalmar "Alhaji" ta koma tana nufin mai kuɗi, ko ya je ko bai je ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maradi a 1986. A ganina, a nan ne jirgin sama ya canza ma'anar hajji a wajenmu fiye da yadda ya canza tsawonta. Da can guzurin alhaji ƙafarsa ce da haƙurinsa, matalauci ma yana iya sa kai. Da jirgi ya zo, aka toshe hanyar ƙasa da fasfo da biza da katin allura, sai ya zama kuɗi ne ke tantance mai tafiya. A 'yan shekarun nan kujera a Nijar ta haura sefa miliyan 3. Buhun gero nawa ke nan, ku da kuka san farashi a kasuwar Cadawa?

Yanzu mu dawo kan tambayarmu: don me Yamai, ga Kano a kusa, ga ma filin jirgin Katsina da bai kai kilomita 100 daga Maradi ba?

Abu biyu ne Turawa suka yi, na uku kuma ƙasashen Musulmi suka yi. Na farko iyaka. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906, da aikin kafa alamomi da aka yi daga 1906 zuwa 1908, su suka raba Katsinawan Maradi da na Katsina, suka raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni. Na biyu, a 1926 Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram suka mai da ita Yamai. Daga Gazawa zuwa Damagaram bai kai kilomita 150 ba, kuma gabas ne, gefen alƙibla. Da babban birni ya zauna can, da babban filin jirgi ma can zai kasance, da wannan rubutu bai taso ba. Bayan samun 'yanci a 1960, Nijar ta shiga cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a Yawunde a watan Maris 1961, kuma Yamai ce tashar kamfanin a ƙasarmu har ya durƙushe a 2002. Na uku shi ne kaso. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince kowace ƙasa ta riƙa samun kujera 1,000 ga kowane mutum miliyan guda. Daga nan hajji ya zama harkar gwamnati da gwamnati. Kujerar ɗan Nijar tana cikin kason Nijar, wanda ya kusa 16,000 a shekarun baya-bayan nan, tana bi ta hannun hukumar COHO da kamfanonin jigila masu lasisi, kuma mafi yawan jiragen daga Yamai suke tashi. Jirgin Katsina na masu fasfon Najeriya ne, ko da kuwa kakanku ɗaya da mai zama a kujerar.

Gajartar tafiya ta zo da nata tambayoyin na addini. Mai tafiyar ƙasa yana isa mikati da ƙafarsa, ya yi wanka a natse ya ɗaura harami. Jirgi kuwa yana gifta daidai wurin cikin ƙiftawar ido. Wanda za a sauke Jidda ya zarce Makka, malamai kan ce ya yi shirinsa tun kafin ya hau, ya yi niyya in an sanar a cikin jirgi. Wanda aka fara kai wa Madina ya huta da wannan, zai ɗauki haraminsa a Zul Hulaifa, sannan ya yi tafiyar da ta haura kilomita 400 zuwa Makka. Kowa dai ya tambayi malamin ayarinsa tun a gida, kada a bari sai an ɗaura bel.

Kada kuma a ɗauka sama ba ta ci mutane ba. A ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 da ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk da haka, in aka kwatanta da waɗanda ƙishirwa da zazzaɓi da 'yan fashi suka cinye tsakanin Wadai da Sawakin, waɗanda ba wanda ya ƙidaya su, ba mai hankalin da zai ce a koma jiya.

Awa 5 da rabin nan ma da muka faɗa tun farko tana da sharaɗi, wato sararin samaniyar Sudan ya zama a buɗe, domin layin ta kanta yake bi. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagayawa, ko ta arewa ta sararin Masar, ko ta kudu ta Habasha, tafiya ta ƙaru da awa guda ko 2, wani lokaci fiye, mai ya ƙaru, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin kuɗi a shekarar. Saboda haka in alhajinku ya ce sun yi awa 7 a sama, kada ku yi saurin cewa agogo ne, wataƙila zagaye aka yi da su.

A ƙasa kuma, garuruwan da muka lissafa ɗazu su ne ake ji a labarai. A 2023 dubban mutane suka tsere daga Junaina a ƙafa suka ƙetara zuwa Adare, kan turbar da kakanninmu suka bi, amma su fuskarsu na kallon yamma. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya shiga Wad Madani, tsakiyar Jazira, inda jikokin masu cirar audugar nan suke zaune. Cikinsu akwai masu jin Hausa rangaɗaɗau, waɗanda in ka tambaye su asali za su ce maka Gobir, ko Katsina, ko Damagaram, ko Tasawa, garuruwan da ba su taɓa gani ba.

A Maradi akwai filin jirgin sama, kuma tun watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi. Wakilanmu da masu shirya hajji su ya kamata a riƙa yi wa tambayar a fili: me ake buƙata, na tsawon titin sauka, na jami'an fasfo da na duwan, kafin jihar da take cikin mafi yawan jama'a a Nijar ta riƙa ɗaga alhazanta daga gida kowace shekara? Kilomita 500 ne za su ragu a sama, 600 zuwa 750 a ƙasa, zuwa da dawowa kuma sai a ninka. Ga dattijo mai shekara 70 daga ƙauyen Gazawa, wanda ya sayar da shanunsa ya biya kujera, bambancin shi ne ya yi sallar azahar a gidansa ya yi ta asuba a Jidda.